Ranar da Gwaggo Ta Hau Tudu da Baya

Na manta da yawancin tafiye-tafiyen da na yi a rayuwata ta tuƙi, amma har gobe ban manta da ranar da aka zo soke Gwaggo ba. Ku da kuka tashi kuka tarar mota sai a murɗa makulli ta tashi, ku gyara zama. Na san kuna yi mini dariya a bayan ido in na ce mota tana da hali irin na mutane.

A soja na koyi tuƙi. Da muka dawo daga yaƙin Bama aka ɗauke ni direba a En'e, nan Birnin Gwari, zamanin Turawa. Aikina in ɗauki Sarkin Daji, wato dattijon da ke lura da gandun daji, mai ba da izinin sare itace da hana cinna wa daji wuta, in kai shi rangadi ƙauyuka. Motar da aka ba mu ita ce Gwaggo. Tun a lokacin ta tsufa tukuf, don an ce wani Joji, Baturen mulki, ne ya shigo da ita tun ina goye. Baƙa ce, doguwar ƙafa gare ta, ƙafafun kuma da sandunan katako a tsakiya. Rufinta tamfol ne da ake naɗewa baya. Da handul ake tashinta, in kuwa ka riƙe handul ɗin da ganganci sai ta harbe ka a hannu, ka kwana kana jinya. Mutanen gari ne suka sa mata Gwaggo saboda tarin da take yi da safe da mitar da take yi a hanya. Ni dai ina son motar nan, ba na ɓoyewa. Matata ma ta sha cewa da Gwaggo na cin tuwo, da ita zan fara kai wa.

Ga yadda doka take a lokacin. Kowace shekara bayan ɗaukewar ruwa, Baturen injiniya kan zo daga Zariya ya duba motocin En'e. Wadda ya ga ta gaza sai ya soke ta daga aiki. Motar da aka soke kuwa ba ajiye ta ake yi ba. Injin a cire a kai wurin jan ruwa, tayoyi masu takalma su yanka, gangar jiki a jefar bayan gareji kaji su yi ƙwai a ciki. Na ga an yi wa wata babbar mota haka, raina ya ɓaci ƙwarai, alhali ba ma tawa ba ce.

Baturen da ya zo a shekarar muna kiransa Mai Kunne, don ba ya buɗe inji sai ya fara ɗora sukudireba a kai, ya kafa kunnensa a ƙotar yana saurare. Yana shigowa gareji ya ga Gwaggo, sai ya tsaya cik, ya cire malafarsa. Ya zagaya ta, ya shafa fitilunta na tagulla da nake gogewa da toka da lemun tsami, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta har wandonsa ya yi dumu-dumu da baƙin mai. Ya ce in buga handul. Na buga, ta yi tari, ta kama. Wallahi na ga idon mutumin nan ya kawo ruwa.

“Tanimu,” ya ce da ni da Hausarsa mai tauri, “ubana yana da irin wannan. A cikinta na koyi tuƙi. Ban yi zaton zan sake jin wannan murya ba.”

Na ce a raina shi ke nan, mun tsira. Ashe da saura. Ya ce so daban, aiki daban. An riga an rubuto daga sama cewa motar ta tsufa, shi kuwa ba zai iya barinta ba sai ya gani da idonsa tana yin aikin da aka ajiye ta dominsa. Sharaɗinsa shi ne ta ɗauki Sarkin Daji zuwa ƙauyen da ya fi wuyar shiga a rangadinsa, ba turi, kuma dattijon ba zai sauka ya taka da ƙafa ba. In ta kai, ta zauna. In ta kasa, a kwance ta.

Gabana ya faɗi, don na san ƙauyen. Yana can bayan Kakangi a kan tudu, hawan kuwa kamar bango. A nan sai na yi muku bayani. Gwaggo ba ta da famfon mai. Tankinta na ƙarƙashin kujerar direba, fetur da kansa yake gangarowa zuwa inji. In hanci ya ɗaga sama sosai, inji ya fi tanki tudu, mai ba ya hawa, sai ta shaƙe ta mutu. Shi ya sa kullum a gindin tudun muke ajiye ta, a kawo wa Sarkin Daji doki. Maganin abin ɗaya ne, a juya ta ta hau da ribas, don tanki ya koma sama. Na taɓa gwadawa ni kaɗai, ta hau. Mai Kunne ma ya san dabarar, ya ce shi bai hana ba, doka ba ta ce da hanci za a isa ba.

Muka tashi da hantsi, Mai Kunne a gefena, Sarkin Daji a baya da rawaninsa. Muka ratsa dajin itatuwan doka, tsando na cizonmu, muka haye rafi ruwa na taɓa matakala. Gwaggo ba ta ko yi atishawa ba. Bature sai murna yake, yana buga ƙofa da tafin hannu kamar mai yi wa doki kirari. Da muka iso gindin tudun sai na ga abin da ban lissafa da shi ba. Ranar kasuwar ƙauyen ce. Mutane sun ji ƙarar mota sun cika bakin tudu maƙil, har da Fulani masu tallar nono da ƙorensu a ka.

Na tsaya na fara juya mota. Sarkin Daji ya ce, “Kai Tanimu, ina za mu kuma? Gida?”

Na ce, “A'a, ranka ya daɗe. Da baya za mu hau.”

“Da me?”

“Da baya, ranka ya daɗe. Haka take iyawa.”

Sai ya ce, “Buɗe mini ƙofa.”

Ku fahimci dattijon nan, ba rigima ce da shi ba. A shekarar ana ta raɗe-raɗin za a sauke shi saboda tsufa, har masu saran itacen sata sun fara yi masa kallon wanda ya gama. Ya ce da ni, “Ni zan shiga gari da ƙeya, jama'a na kallo? Kafin la'asar labari ya kai Randagi cewa Sarkin Daji ya koma baya. Gobe wa zai ji maganata a dajin nan? Ku hau da abarku, ni a kawo mini doki.”

In ya sa ƙafa ƙasa, Gwaggo ta mutu. Na dubi Mai Kunne, ya kawar da kai yana shafa malafa, don shi ba ya iya sa baki. Na fito na durƙusa a bakin ƙofar, na riƙe mariƙin da hannu biyu. Ina roƙo ina kallon kujerar baya, sai Allah ya kawo mini dabara.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai mota ce za ta yi baya. Kai gaba za ka yi.”

Ya ce, “Wane irin zancen banza ne wannan?”

Na koma na ƙarasa juya motar, na naɗe tamfol na kwantar da shi. Na ɗauko akwatin kayan aiki na ajiye tsakanin kujerun, na shimfiɗa masa buzunsa a kai. Na ce ya zauna ya jingina da bayan kujerata, ya fuskanci tudu. Ya dubi akwatin, ya dubi jama'a can sama, ya gyara rawani, ya hau ya harɗe. Sai ga shi ya fi kowa tsawo a motar, fuskarsa na kallon gari sosai. Ya ce, “To, bismilla.”

Sai wata matsalar ta ɓullo. Babbar rigarsa ta tare mini hanya gaba ɗaya, ko na waiga ba na ganin komai sai shuɗi. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba na gani. Sai dai ka zama idona.”

Na taka ribas, Gwaggo ta yi gurnani ta fara hawa. Da muka zo kwanar farko ya ce, “Dama!” Na murɗa dama. Ashe damansa haguna ne, tunda mun ba juna baya. Motar ta nufi kwari, ƙafar baya ta fara zubar da tsakuwa ƙasa. Mata suka ɗauki salati daga sama. Na danne birki. Mai Kunne ya yi fari fat, ya ƙara a kan farin da Allah ya yi shi.

“Kai Tanimu, kashe ni za ka yi? Na ce dama!”

“Ranka ya daɗe, damanmu ba ɗaya ba ne! Faɗa mini kudu ko arewa!”

Ya yi tsaki, sai kuma ya yi dariya. “Arewa, ɗan nema! Arewa!”

Daga nan aiki ya miƙe, don arewa dai arewa ce ko ina ka juya. Yana faɗa ina murɗawa. “Kudu kaɗan! Miƙe! Arewa, akwai dutse!” Muryar da yake tsawata wa masu ƙonar daji da ita, da ita yake ba da umarni, yana nuni da sandarsa. Lagireto ya fara tafasa, tururi na tashi. Ina ta ce mata a hankali, “Haba Gwaggo, kar ki ba ni kunya yau.” Bature kuwa ya manta da girmansa, ya miƙe tsaye yana ihu da yarensu.

Ku auna abin da mutanen sama suka gani. Ba su ga inji ba, ba su ga direba ba. Sarkin Daji kawai suka gani yana tahowa a zaune, sanda a hannu, duk inda ya nuna mota ta bi. Da ƙafafun suka dafa saman tudu, sai guɗa ta tashi. Wani makaɗin kasuwa ya saki kalangu, mai gari ya taho da sauri ya faɗi gaisuwa. Na ji wani tsoho na cewa, “Wannan ne aka ce ya tsufa? Mutumin da ƙarfe ke jin maganarsa?”

Na kashe inji. Mai Kunne ya sauko ya zagaya gaban motar, ya dafa bonet mai zafi, ya ce, “Ba wanda zai taɓa ta muddin ina zuwa nan.” Daɗin da na ji a lokacin, ko ranar da jirgi ya sauke mu daga Bama ban ji irinsa ba. Kafin mu juya ya roƙe ni in bar shi ya tuƙa ta a gangara, na ba shi, ina zaune a gefensa ina yi masa gyara.

Gwaggo ta ƙara shekaru tana aiki, Sarkin Daji ma haka. Bai sake neman doki a gindin tudun nan ba. Muna isowa zai ce, “Tanimu, sauko da akwati.”

Abin da na koya a ranar shi nake so ku riƙe. Sanin inji rabin aikin direba ne. Duk wanda ya shiga motarka, da mutuncinsa ya shigo, kuma shi ma kaya ne da za ka kai lafiya. Kafin ka taka ribas da babban mutum a baya, ka fara duba inda fuskarsa ke kallo.