Dodannin Da Matata Ta Kashe Mini

Edita, a lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, ni ango ne da bai cika shekara da aure ba. Tsakiyar shekarun alif ɗari tara da casa'in ne, ina ƙaramin akawu a wani ofishin gwamnati a Sabon Gari, ina zaune da amaryata a sashen da aka ware mini a gidanmu na gado da ke Ƙofar Jatau. Ba na shan taba, ba na zaman majalisa, daga aiki sai gida sai masallaci. Mutanen unguwa suna yi mini kallon yaron kirki, ni ma haka nake kallon kaina. Ba zan faɗi sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa wasunsu suna raye.

Matata 'yar Gyallesu ce, mahaifinta tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya. Da aka je neman aurenta bai tsananta mana a kan komai ba, sai abu ɗaya. Ta gama sakandare amma ba ta ci lissafi da kemistiri ba, kuma burinta ta shiga makarantar ungozoma. Ya ce zai ba ni ita in har zan bar ta ta sake zana jarrabawar a ƙarshen shekara, in kuma tsaya mata har ta shiga makarantar. Na amsa a gaban baffannina ba tare da wata gardama ba, kuma har ga Allah da gaske nake a ranar. Na yi mata rajista, na sayo littattafai. Kullum da safe in na fita, ta gama shara da wanke-wanke, sai ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna da littafinta har azahar.

A ofis akwai abokina ɗan Wusasa, Kirista ne, teburinmu ɗaya, hirarmu ɗaya. Wansa ya zo masa daga Turai da na'urar wasan gem irin wadda ake jonawa da talabijin, da wani kaset guda da ya ce ba irin na tsalle-tsalle ba ne da yara ke bugawa a shago. Wannan labari ne sukutum. Kana jan jarumai huɗu, kuna ratsa garuruwa da dazuzzuka, kuna magana da mutane, kuna neman wani azzalumin da ya hana duniya zaman lafiya. Shi ya riga ya gama, sai ya ba ni aro, da sharaɗin in dawo da shi kafin Kirsimeti domin wan nasa zai zo ya tafi da abinsa. Yana ɗaura mini kwalin a bayan babur yana dariya, ya ce ya san ba zan kai ko rabi ba, domin wasan na masu haƙuri ne. Maganar ta tsaya mini a rai fiye da yadda ya nufa.

Makonni biyun farko na ji daɗin da ban taɓa ji ba a wani wasa. Daga nan na isa wani kogo inda wani ƙaton dodo ya tare hanya, duk shigar da na yi sai ya kashe jarumaina cikin bugu biyu ko uku. Na kai kuka wajen abokina, ya bayyana mini cewa ba dabara ce ta gaza ba, ƙarfi ne bai kai ba. Kowane jarumi yana da lamba da ke nuna matakin ƙarfinsa, kuma ba ta hawa sai an kashe ƙananan dodanni da yawa an tara maki. Nawa suna mataki na sha takwas, ya ce sai sun haura talatin. Hanya ɗaya ce, in koma dajin da ke kusa da kogon in yi ta kai da kawowa, dodo ya fito in kashe, wani ya fito in kashe, iri ɗaya, da danna maɓalli ɗaya, awa bayan awa. Ya ce sunan da masu wasan suka ba wannan aiki ma'anarsa niƙa, kuma duk wanda ya ƙi niƙa ba zai ga ƙarshen labarin ba.

Na gwada kwana uku na gaji. Ga shi a lokacin wutar unguwarmu da safe ake kawo ta, kafin la'asar an ɗauke, ni kuwa sai bayan la'asar nake dawowa. Sai Asabar da Lahadi kawai nake samun zama sosai, kuma ba na son in ɓata su a kan niƙa. Wata safiya ina shan koko na dubi matata, wani tunani ya zo mini. Na nuna mata yadda ake yi, na ce ba wani abu ba ne, ta yi mini na awa ɗaya kullum in an kawo wuta, ta ma huta da karatu. Ta yi dariya ta karɓa, ta ce ita ko sunan maɓallan ba ta sani ba. Da na dawo ranar na tarar lambar ta hau da ɗaya. Na yi ta yaba mata kamar ta ci wata gasa, na ga fuskarta ta yi haske. Amarya ce mai son ta faranta wa mijinta, ni kuma na gane hakan na yi amfani da shi.

Awa ɗaya ba ta daɗe tana awa ɗaya ba. Yadda aka gina wasan, duk hawan da lambar ta yi, mataki na gaba ya fi wuya, sai an kashe ninkin dodannin baya. Sannan ba ko'ina ake iya ajiye aikin da aka yi ba, sai an koma gari a cikin wasan. In aka ɗauke wuta kafin ta koma, duk wahalar safiyar ta tafi a banza. Na fara shigowa gida ina tambayar lambar kafin in tambayi lafiyarta. Ranar da lambar ba ta motsa ba, ba na faɗa, ban taɓa ɗaga mata murya ba, amma ina ɗaure fuska in ci abinci shiru, kuma ta san dalili. Ta gwada ɗora littafi a cinya tana karatu tana dannawa, jaruman suka mutu, na ce mata abu biyu ba sa haɗuwa, ta zaɓi ɗaya ta gama tukuna. Sau ɗaya tak ta yi mini magana kai tsaye, saura wajen wata guda jarrabawa. Ta ce, "Maigida, to karatun nawa fa?" Na ce ai tana da ƙwaƙwalwa, abin da ta riga ta karanta ne a makaranta, mako biyu ma ya ishe ta bita. Ta miƙa hannu ta ɗauki abin dannawar.

Haka muka raba aiki. Ita ta yi niƙa Litinin zuwa Juma'a, ni kuma ranar Asabar in zauna in ci daɗin labarin, in kayar da manyan dodanni da jaruman da ta ƙarfafa, in je ofis ranar Litinin ina cika baki. Abokina yana mamakin saurina, yana cewa ashe Malam akwai haƙuri. Ban taɓa gaya masa gaskiya ba. Har matata ta fi ni sanin wasan, ta gano wani lungu a daji inda dodanni suka fi ba da maki, ta zana taswirar wurin a bayan littafinta na lissafi don kada ta manta. Na ga zanen da idona, na ga kuma shafukan da ke gabansa fayau ba a rubuta komai ba, na rufe littafin na ajiye. Ranar da ta zana takardar lissafi Asabar ce. Na kai ta bakin makarantar da ake jarrabawar a babur, na dawo, abokina ya zo daga Wusasa, muka zauna na gama wasan a gabansa yana tafa mini. Na manta da lokacin ɗauko ta, sai da ta hau mota zuwa Ƙofar Doka ta ƙarasa gida da ƙafa. Ta tarar mun naɗe wayoyi muna mayar da na'urar cikin kwali. Ta gaida baƙo ta wuce ciki ta ɗora mana abinci.

Bayan wasu watanni sakamako ya fito. Ta tsallake kemistiri da ƙyar, ta faɗi lissafi, wanda in babu shi babu maganar makaranta. Mahaifinta ya zo da kansa da hantsi, ya ƙi shiga ciki, ya zauna a zaure ya sa aka kira mu. Ta durƙusa a gefe, ni ina zaune kusa da shi. Bai yi hayaniya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce mata mata nawa ne a cikin birnin nan suke neman mijin da zai bar su su yi karatu ba su samu ba, ita ta samu, an biya mata, an saya mata littattafai, ba ta da goyo ba ta da wani aiki, ta zauna ta yi wasa da damarta. Ya tambaye ta me take yi da safiyarta duk tsawon watannin nan. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, laifina ne, ban mai da hankali ba." Sai ya juyo gare ni ya ba ni haƙuri, ya ce na cika alkawari, ita ce ta ba shi kunya. Edita, a nan ne na yi abin da ya fi duk na baya muni. Na buɗe baki na ce, "Ba komai, Baba, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Na raka shi har bakin titi.

Na gaya wa kaina za ta sake zanawa baɗi, in gyara abin da na ɓata ba tare da kowa ya sani ba. Baɗi ta zo tana da tsohon ciki, ta gaba kuma tana fama da jariri marar lafiya. Mahaifinta bai sake tayar da maganar ba, kuma na lura ya daina yi mata irin hirar da yake yi mata da, ta makaranta da littattafai. Shekara uku bayan haka ya rasu, yana ganina surukin kirki, yana ganin 'yarsa mai sakaci. Ni na shiga kabarinsa na karɓe shi. Ita kuwa ta kama ɗinki, da shi ta taimaka mini muka yi rainon 'ya'ya biyar, ba ta taɓa ambaton jarrabawa ko wasan ba ko da cikin fushi. Na ɗauki shirunta a matsayin ta manta, domin hakan ya fi mini sauƙi.

Shekaru da yawa bayan nan wata maƙwabciyarmu ta kama naƙuda mijinta ba ya gari, na kai su asibiti a mota tare da matata. Ina tsaye a baranda na ji wata ma'aikaciyar jinya tana yaba yadda matata ta kula da matar a hanya, tana tambayarta a ina ta yi karatun aikin. Matata ta ce ba ta yi ba, ta so dai ta yi. A hanyar dawowa na tsayar da mota a gefen titi na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun tuni, na roƙe ta gafara. Ta saurare ni har na gama. Ta ce maganar wasa ta daɗe da yafewa, domin ita ma tana da bakin da za ta ƙi, kuma wani lokaci har daɗinsa take ji. Ta ce abin da ya zauna mata shi ne zauren nan. "Na jira ka ce wani abu," in ji ta. "Har Baba ya sa takalminsa ina jira." Ta ce ta yafe wannan ma, amma wanda ya kamata ya ji gaskiyar ba ya nan. Na tayar da mota.

Ba na ɗora wa wasan laifi. Abin da yake nema a wajen mai bugawa shi ne ya jure maimaita aiki marar daɗi kafin ya kai ga mai daɗin, kuma da na jure da kaina, ƙila da na koyi wani abu. Ni kuwa na ɗauki daɗin, na miƙa wahalar ga wadda ba za ta iya ce mini a'a ba, a daidai watannin da take bukatar wannan juriyar don gina kanta. Lambar jarumaina ina ganinta tana hawa kullum a talabijin, abin da take asara kuwa ba ya fitowa a ko'ina, shi ya sa na iya kau da kai. Yau wasannin nan suna cikin wayar kowa, kuma ba wasa kaɗai ne ke cin lokacin wani ba. Ina roƙon magidanta da duk wanda ake jin nauyinsa a gida, in ka ga al'amuranka suna tafiya sumul, ka tsaya ka duba wa ke yi maka niƙan, da abin da ya ajiye nasa don ya yi maka. In kuma an tsayar da wani ana yi masa faɗa a kan laifin da ka san naka ne, ka yi magana a wurin, tun wanda zai ji yana zaune. Ni na bari sai daga baya, kuma yanzu sai dai in je maƙabarta in tsaya in yi wa mahaifinta addu'a.