Jan Haƙoran Ya Kaltum

Ya Kaltum ta shigo Maiduguri daga Bama a shekarar da aka ƙone garin, da lafaya ɗaya a jikinta da haƙoranta cikakku. Ta kama ɗaki a layinmu na Maisandari, ta samu gefen rumfa a Kasuwar Kwastam tana sayar da goro da fure, wato furen taba da matanmu ke goga wa haƙora su yi ja. Ba ta kiran ciniki. Murmushi kawai take yi, haƙoran su fito jawur kamar garwashi, mata su tsaya su saya. Gida ya tafi, gona ta tafi, amma takan ce bakin nan da shi ta fito kuma da shi za ta koma.

Maƙwabciyarta Salomi, wadda ake kira Maman Gift, mutuniyar kudancin Borno, tana aiki a sashen haƙori na wani asibiti. Ita ta fara lura, a layin famfo, cewa dasashin Ya Kaltum ya kumbura ya janye daga haƙora. Ta ja ta gefe ta tambaye ta ko tana ganin jini in ta kurkure baki. Ya Kaltum ta yi dariya, ta ce: "Maman Gift, tun ina budurwa yawuna ja ne. Ke da ba kya cin goro ina za ki sani?"

Azumi ne ya raba gardamar. Wata rana tana alwalar la'asar a bayan rumfa ta tofar da ruwa, sai ta ga ja a ƙasa. Rabonta da goro tun sahur. Ta sa yatsa ta taɓa haƙorin gaba na ƙasa, ta ji yana motsi. Jan da take taƙama da shi ne ya daɗe yana ɓoye mata jininta.

Kafin a sha ruwa tana ƙofar Salomi. Salomi ba ta yi mata gori ba. Ta bayyana mata cewa ragowar abinci ke taruwa a gindin haƙori, ya daskare ya zama kamar dutse, dasashi ya kumbura yana jini, daga nan ciwon ya gangara ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Wanda ya daskare ba ya fita da asuwaki, sai an kankare shi a asibiti. Ya Kaltum ta ce ta ji ana cewa kankarewa ke sa haƙora su zube. Salomi ta ce: "Ya Kaltum, ba a kankare haƙori, dattin ake cirewa. In kika bar shi, shi zai cire miki haƙoran."

Bayan ƙaramar Sallah suka hau Keke Napep tare, suka bi shingayen sojoji ɗaya bayan ɗaya. Matar da ta keta daji da ƙafa daga Bama ta kwanta a kujerar likita ta runtse ido, Salomi na riƙe da hannunta. An wanke, an kankare, an gwada jininta ko akwai ciwon suga, ba a samu ba. Haƙorin turmi ɗaya na can ciki ya riga ya lalace, aka cire shi. Na gaban kuwa likita ta ce zai iya tsayawa, muddin za ta goge baki safe da dare, a hankali, har inda haƙori ya haɗu da dasashi, ta riƙa kurkurewa da ruwan ɗumi da gishiri, ta kuma ajiye fure domin in jini ya dawo a gan shi.

Wannan na ƙarshe ya fi cire haƙorin zafi. Ta koma kasuwa da farin baki, matan rumfa suka yi ta tsokanarta. Wata ta ce haƙoran maza ta aro, wata ta tambaya ko ita ma ta samu aiki a asibiti. Ciniki ya ja baya na ɗan lokaci. Ba ta daina sayar da fure ba, sai dai ta ƙara damin asuwaki a faifanta, kuma duk wadda ta saya takan ce mata ta riƙa hutawa da fure lokaci-lokaci, ta duba kan asuwakinta ko ya yi ja. Wasu sun ji, wasu sun yi tsaki. Waɗanda suka ga jini takan haɗa su da Salomi.

Ranar babbar Sallah na aika wa Ya Kaltum da haƙarƙarin rago. Da yamma na wuce na tarar da ita da Salomi a tabarma. Ya Kaltum ta ɗaga ƙashin ta nuna mini, ta kafa masa haƙoran gaba, ta yage naman. Sannan ta duba ƙashin da kyau, ta miƙa wa Salomi. Fari ne tas, babu ɗigon jini.