Lambros da Waƙar Makokin Kaka Fotini

Lambros ɗan kawunmu ne, kuma shi kaɗai a zuriyarmu ya taka jami'a. Dangi sun so ya zama likita. Sai ga shi ya sauka birnin Yanina ya ce zai karanci Girkancin zamani da tarihinmu da al'adunmu.

"Girkancin da kake yi tun kana tsumma?" in ji babansa. "To da wane yare kake roƙona abinci duk shekarun nan?"

Lambros bai kula ba. Ya yi ta karatu har wuyansa ya lanƙwashe kamar mariƙin lema, gilashin idonsa ya kai kaurin gindin kwalba. Abu ɗaya ya rage a ba shi digiri: ya ɗauko waƙoƙin makokin ƙauyenmu a na'ura, ya yi rubutu a kansu. In bai kawo ba kafin lokacin girbi ya wuce, karatu ya tashi a banza, sai tafiya Jamus wanke kwanuka a gidan abincin wani kawunmu.

Duk ƙauyen kuwa mutum ɗaya ta rage da ta iya waƙoƙin nan, kakarmu Fotini. In ta buɗe baki a kan gawa, har awakin kan dutse sai sun bar kiwo.

Ya same ta tana murza ƙullin fanken alayyafo. "Kaka, baiti biyu kawai."

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Na makaranta ne."

"To makarantar ce ta mutu? Ja'iri! A yi waƙar makoki ba gawa, ai kiran mutuwa ne cikin gida. Tashi ka ba ni wuri."

Ya yi roƙo, ya yi magiya. Ran nan har ya kwanta ya miƙe a kan tebur ya harɗe hannuwa a ƙirji kamar gawa. Da tsintsiya ta tashe shi daga matattu.

Sai ya koma jiran wani ya cika. Ƙauyenmu tsofaffi ne zalla, amma a shekarar nan kamar sun haɗa baki, ko atishawa babu mai yi. Baba Stamatis ne kaɗai ke ɗan tari. Lambros ya dinga zuwa shagon kofi yana gaishe shi. "Baba, ya jikin? Tarin ya ƙaru?"

Tsohon ya gaji ya ɗaga sanda. "Kai ungulu, ni zan ci dafaffiyar alkamar sadakar mutuwarka, ba kai za ka ci tawa ba!"

Abin ya ba Lambros kunya ƙwarai, don yaron ba mugu ba ne. Ya dawo gida ya ce ya haƙura, ba zai sāke sa ido a kan ran kowa ba. Ya cusa na'urar can ƙasan jaka, ya ɗaure kayan Jamus.

Da safe ya fito, motar haya na jira a dandali. Kaka na tsaye a bakin ƙofa. Ta dube shi, ta dubi jakar, sai ta kwance baƙin ɗankwalinta, furfura ta zubo. Ta ɗora hannu a kansa ta fara. A wurinmu wanda zai tafi baƙuwar ƙasa da wanda za a kai kabari waƙarsu ɗaya ce.

Ta kira sunansa, ta kira na kakanmu da ya tafi Jamus bai dawo ba, ta tambayi hanya me muka yi mata take cinye mana maza. Lambros yana kuka yana tonon jaka, wanduna na tashi sama, har ya kamo na'urar ya danna. Direba ya yi ta oda, ya gaji ya tafi.

Da ta gama ta share ido, ta gan shi tsaye. "Au, kana nan?"

"Kaka, ai na fasa. Na samu abin da nake nema."

"Ka fasa? Na yi maka waƙa ka zauna min da ita a gida? Wallahi sai ka tafi wani wuri!"

Ta kora shi da jakarsa, a ƙafa, ya haye dutse ya kwana a ƙauyen gaba. Washegari ya dawo, ta tarye shi da fanke kamar wanda ya shekara goma a Jamus.

Yanzu malami ne a wata sakandare a Yanina. Baba Stamatis kuwa yana nan da ransa, kuma in ya hango Lambros, sai ya haɗiye tarinsa.