Marubucin da Ya Yi Ta Sulhunta Masoya

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin, wanda abokan aikinsa suka fi sani da Mai Sulhu, a shekarar 1957, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Ya kammala kwalejin horon malamai a 1978, ya koyar na shekara shida kafin ya koma rubuta labaran fim.

Aure

A 1982 ya auri wata ma'aikaciyar jinya mai yawan barkwanci, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku. Sai dai shi mutum ne da in ya kulle ɗaki yana rubutu, ko gobara ake yi ba ya leƙowa. A 1993, bayan mahaifiyarta ta yi wata biyar a kwance har ta rasu bai je dubiya ba sai sau ɗaya, ta nemi rabuwa, ya sake ta ba tare da gardama ba.

Aiki

Tsakanin 1995 da 2014 ya rubuta finafinan ban dariya goma sha bakwai, dukansu a kan tsofaffin masoya da ƙaddara ke sake haɗawa, wani lokaci a layin ganin likita, wani lokaci a motar haya da ta lalace a hanya. Jama'a na cika sinima suna dariya har da hawaye, shi kuwa yana zaune shi kaɗai a ɗaki biyu, saman wani kantin magani.

Shekarun Ƙarshe

A 2017, shekara guda bayan rasuwar mijinta na biyu, ya je ya nemi ta dawo. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Baban yara, duk na kalli finafinanka, har wanda matar ta bi tsohon mijinta tasha da gudu. Ni gwiwata ba ta gudu yanzu. Ka dai riƙa zuwa muna gaisawa."

Ya riƙa zuwa duk Asabar, su yi hirar awa guda a baranda. Bai sake tayar da maganar ba.

Rasuwa

Ya rasu ranar wata Alhamis a watan Maris na 2021, ba kowa a kusa da shi, sai da mai kantin ya hau dubawa. An binne shi da yammacin ranar. Ya bar 'ya'ya uku: babbar likitar ido ce, mai bi mata direban jirgin ƙasa, sai autan, malamin lissafi, wanda shi ya je ya sanar da mahaifiyarsu kada ta jira shi ranar Asabar.