Yadda Yaya Ishaya Ya Gaya wa Rifkatu Ciwonsa

Duk wanda ya san yayana Ishaya, a jikin katanga ya san shi. Katangar otal ɗin nan na bayan kasuwar Sabon Tasha. Hantsi na yi zai ɗauki lemarsa da wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya je ya manne kamar ƙadangare. Wai ta nan waifai yake tsallakowa, sabis ɗin da otal ke sakar wa baƙinsa kyauta.

Na ce, "Yaya, ka sayi data mana kamar kowa."

Ya ce, "Laraba, abin da ke yawo a iska, wa ya shuka shi? In sayi iska? Ban haukace ba tukuna."

Ana nan, ana nan, mai otal ya gaji, ya canza lambar sirri. Yaya bai yi faɗa ba. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya shiga, ya harɗe a kujerar manyan baƙi. Mai kawo abinci ta rusuna ta ce, "Baba, me za a kawo?"

"Lamba."

"Sai wanda ya sayi wani abu, Baba."

"To kawo tsinken sakace guda ɗaya. Mai kyau."

Mai otal da kansa ya fito ya ce a ba shi lambar, ya koma katangarsa kafin ya kori mutane.

Ku yi dariya, ni ma na yi. Amma ba ƙwallo yake kallo a wurin ba. Rifkatu yake jira, 'yarsa tilo, wadda ke Landan tana jinyar tsofaffin Turawa. Takardunta sun mutu. In ta taho gida ba komawa, ga 'ya'yanta a hannuna, cinsu da makarantarsu duk daga can ne. A wurin aiki ba a barinta ta taɓa waya. Sai a hanya take kira, cikin jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Sabis ɗinsu kuma a tasha kawai yake. Jirgi na shiga rami sai fuskarta ta sandare, murya ta ɗauke, sai tasha ta gaba ta dawo.

Ranar da ya fara ganin haka, ihu ya sa: "Wayyo! Sun binne mini 'ya da ranta!" Masu keke suka taru. Da ta dawo tana dariya, ya daka mata tsawa: "Ki fito ki hau mota kamar mutum! Gafiya na haifa?"

To, sai ciwo ya zo. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Likita ya ce ƙoda ce, kuma ta yi nisa.

Na ce, "Yaya, ka gaya wa yarinyar nan."

Ya ce, "In na gaya mata, gobe za ki gan ta da akwati. Yaran su ci me? Ɓoye mata kuma ba zan yi ba, ni dattijon coci ne."

"To yaya za ka yi?"

"Ɗauko lema ki biyo ni."

Na bi shi. Tafiyar da a da yake yi kamar soja, ran nan sai da muka yi ta hutawa a bakin shagunan mutane. Waya ta yi ƙara.

"Baba, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki?"

"Jiki yana nan inda kika bar shi."

Sai jirgi ya shiga rami. Fuskarta ta tsaya cak, bakinta a buɗe. Yaya ya gyara murya, ya dube ta ido cikin ido.

"Rifkatu, ƙodata ta lalace. Likita ya ce da wuya in ga Kirsimeti. Kada ki zo. Ina jin tsoro kaɗan, amma ba sosai ba."

Fuska ta motsa. "Baba, ka yi magana?"

"Na gama. Yaya sanyi?"

Da ta kashe na ce, "Haba Yaya! Wannan wace irin gayawa ce?"

Ya ce, "Na faɗa ko ban faɗa ba? Ke shaida ce. In ba ta ji ba, ta tuhumi Turawa da raminsu."

Haka ya riƙa yi har ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. A tasha, hirar tsadar doya da rashin jin jikoki. A rami, wasiyya: wa za a ba ɗakinsa, waƙar da yake so a rera masa, da roƙon gafarar dukan da ya taɓa yi mata tana ƙarama.

Bai ga Kirsimetin ba. Rifkatu ba ta zo ba, yaran suna makaranta har yau. Ta wayar fasto ta kalli yadda aka sa ubanta a ƙasa. Da aka miƙo mini wayar, muryarta ta dishe, ta ce, "Mama Laraba, ko sallama bai yi mini ba."

Na ce, "Ya yi, 'yata. Ya yi ta yi, har ya sa miki albarka. Ni na ji. Zauna in faɗa miki duka."

Ubangiji, bawanka ne, ka san taurin kansa fiye da mu. Ka karɓe shi haka nan, ka ba shi hutu. Marainiyar nan da ke ƙasar mutane, ka sanyaya mata zuciya, ka buɗe mata hanya ta zo ta ga kabarinsa da idonta. Cikin sunan Yesu, amin.