Mai Sabulun da Ba Ya Kumfa

Jiya sabon ɗan hayan gidanmu a Shagari ya fito a guje daga shi sai gajeren wando, hayaƙi na binsa, girarsa ta ƙone ƙurmus. Yau ga shi bakin famfo, siriri, yatsu duk sun ɗaye, yana wanke bokitai yana waige-waige. Da ganinsa ya yi boko, aiki ne bai samu ba. Wai sabulu yake haɗawa. Sabulun da ba ya kumfa? Ni dai na san haɗin da ake kai wa masu yin ƙwaya ne, kuma warinsa ya hana 'yata Hadassah numfashi.

Na ce, "Oga Kemis, ina gira? Allah, hukuma zan kira."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Kira su, Madam. Su fara da jarkokin fetur ɗin mijinki na ƙarƙashin gado."