Waƙar da Ta Dawo da Tsuntsaye

Kakata Inna ba ta fara tatsuniya sai an sauke tuwo, garwashi ya yi ja. Mu jikoki mu kewaye murhu, ni a gaba, bakina ba ya rufuwa.

"Hafsatu, ko suda takan huta," in ji ta. "To ga ta nan, mai surutu ya rasa rabonsa."

Lokacin girbi, bayan sallar asuba, takan bi da mu shingen gonaki, raɓa na jiƙa mana zane. Magarya ta nuna jajir, kurciya na kuka, tsuntsaye sun cika rassa. Dokarta ɗaya: wadda ta faɗo tamu ce, ta sama tasu.

Daga nan tatsuniyar ta fito. Wata yarinya mai haɗama ta girgiza magarya har ba ta bar ko ɗaya ba. Tsuntsaye suka yi fushi suka ƙaura, har zakara ya bi su. Babu mai tada gari. Aka yi ta barci, gero ya zube a gona, liman ya farka gemunsa har gwiwa. Gemun nan ƙarina ne, Inna ba ta taɓa yarda da shi ba. Ƙarshe yarinyar ta hau tudu ta rera wata waƙa, suka dawo. Inna takan rufe ido ta rera ta, ni kuwa a lokacin nake kwaikwayon munsharin liman, yara na faɗuwa don dariya.

Yanzu muna Hor Al Anz, wata unguwa a ƙasar Larabawa, Baba na aikin kago, wato jigilar kaya. Wata safiya na fita da ƙanwata Amira, haihuwar nan, muka tarar da magarya a bayan masallaci, tsuntsaye na ta shagali. Ta kama reshe za ta girgiza, na riƙe hannunta na soma ba ta labarin.

"Yalla, Yaya, yi waƙar!"

Na buɗe baki, babu komai. Muka kira gida, aka miƙa wa Inna waya.

"Wace waƙa, 'yar nan? Hafsatu ce ko uwarta?"

Gwaggo ta karɓi wayar, ta ce tsufa ya soma kwashe wa Inna abubuwa.

Da ina zaton labarin na masu haɗama ne kawai. Ban san akwai abin da ake tsinta tun yana faɗowa ba.

"Ke nan ba su dawo ba?" in ji Amira.

Ni da nake ƙera ƙarya goma kafin shayi ya huce, ranar na rasa ko ɗaya.